Tsakuwar Yaya Bawa

Tun da na dawo, duk wadda ta gan ni a ofishin malamai sai ta ce, "Malama Asabe, yaya Kwatano? Ina tsarabarmu?" A wurin mutanenmu na Jega, ƙasar Benin gaba ɗayanta Kwatano ce, kuma ba a zuwa can sai don atamfa da shinkafa. To ni ban je Kwatano ba. Parakou na je, daga nan na wuce Djougou, kuma ko ƙyalle ban sayo ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu tsakanin darasi da darasi, don duk sanda na fara sai muryata ta hau, yara su riƙa leƙowa ta taga. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta ga faɗa ya yi yawa a ciki ta yi haƙuri, har yanzu ban huce ba.

Yaya Bawa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mu biyu muka rage. Tun ina 'yar makaranta ya bi fataken shanu ya tafi, ya zauna a Zongon Parakou yana dillanci a kara. Can ya auri Safiya, 'yar garin, suka haifi Rabi. Ban taɓa zuwa ba, shi ke zuwa mana.

Ranar da Safiya ta kira ni muna cikin hutu, ina wanki. Tanti take kirana, wato gwaggo da Faransanci. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Tanti, Baban Rabi ba lafiya. Ya ce kar in gaya miki." Ta ce ciwo ne ke kama shi daga kwiɓi ya gangaro mara, ya riƙa birgima a ƙasa kamar mai naƙuda, yana amai, fitsarinsa kuma ja kamar zoɓo. Sun je kilinik, an ɗora masa na'urar duba ciki wadda suke ce wa eko, likita ta ce tsakuwa ce a ƙoda, ta ba su ranar da za su koma a yi masa aiki. Na ce mata gobe ina hanya. Na bar wankin a jiƙe.

Hanyar gefenmu ba sai na ba ku labarinta ba, kun san ramukan. Da muka isa bakin iyaka rana ta take, muka tarar an gitta sanda, wurin ba kowa. Wata mai sayar da albasa da muka zauna kujera ɗaya da ita ta ce in nemi inuwa, sun tafi hutun rana. Na ce wane irin hutu, yau ba Juma'a ba, ba Lahadi ba? Ta yi dariya ta ce a ƙasar nan in rana ta raba, ma'aikaci zai rufe ƙofa ya je ya ci abinci ya kwanta, sai wajen la'asar. Na zauna kan buhun albasa ina cika ina batsewa. Na ciro waya in kira Safiya, na ga layin ya mutu. Ban damu sosai ba a lokacin, na ce ai gobe ina gabanta.

Mai albasar nan mutuniyar kirki ce, ita ta kwana da ni a gidanta a Kandi don mota ta ƙare. Ta kawo mini sakwara da miyar gyaɗa. Mu a gida sakwara sai da dalili, su kuwa ita ce tuwonsu, ko'ina ka bi ƙarar turmi kake ji. A cikin miyar akwai wasu yankuna masu jan baya, na ɗauka nama ne, na gatsa na ji laushi. Cukun madarar shanu ne, wagashi suke ce masa. Da ta ji ni malamar makaranta ce sai ta kira 'ya'yanta su gaida metiras. Ta ce da namiji ne ni da mushe za su ce. Na ce Allah Ya tsare, a garinmu wanda ya kira malami mushe sai an raba su.

Da safe na hau motar Parakou. 'Yan acaɓansu zem ake ce musu, duk sanye da riguna iri ɗaya. Wanda na samu ba ya jin Hausa, amma ina cewa Zongo ya gyaɗa kai. Muna shiga unguwar na ji kamar na dawo gida: masu tsire, masu shayi, karatun allo, gaisuwa da Hausa ta ko'ina, sai dai kowace magana da ɗigon Faransanci a cikinta. Na ambaci sunan Bawa dillali, aka nuna mini gidan.

Safiya na tarar zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta haɗa kai da gwiwa. Na leƙa ɗakin, katifa ce kawai.

"Ina yake?"

"Sun tafi da shi, Tanti. Na yi ta kiran wayarki ba ta shiga."

"Su wa?"

Alhaji Tanimu ne, uban gidansa a kara, wanda shanunsa Yaya ke sayarwa shekara da shekaru. Ana gobe ranar komawa kilinik ya zo da mutanensa suka cika zaure. Ya tambayi yadda za a yi aikin. Safiya ta sunkuyar da kai, da ƙyar ta iya faɗa mini sauran. Likita ta ce ba za a tsaga ciki ba, ta hanyar fitsari za a bi da siririyar roba a hau har ƙoda. Alhaji na jin haka ya yi salati, ya ce duk namijin da aka bi masa ta nan ya gama zama namiji, balle kuma mace ce za ta yi aikin. Ya ce ya san mai magani a bayan Kolokondé, can ƙasar Djougou, wanda ke cire tsakuwa mutum na kallo, ba wuƙa ba allura. Suka sa Yaya a mota.

Na ce, "Ke kuma kina ina?"

Ta ce, "Ina bayan ƙyaure, Tanti. Maza sun yanke magana, wa zai tambaye ni?"

Ko ruwa ban sha ba na ce ta ɗauko mayafi. Ta bar Rabi wurin maƙwabta muka kama hanyar tasha.

Titin Parakou zuwa Djougou sumul yake, har wannan ma haushi ya ba ni, ina tuna namu. Mutanen can Zugu suke kiran garin. Muka sauka gidan gwaggon Safiya, wata tsohuwa Iya Mero, a wani tsohon gida mai zaure cikin zaure. Ta ce kakanninsu fataken goro ne, sun yada zango a nan ba su ƙara gaba ba. Hausarta a cakuɗe take da Dandanci, yaren garin, sai na kasa kunne sosai. Gaisuwarsu kuwa ba ta ƙarewa. Sai an rusuna, an sha ruwan baƙo, an tambayi gida da gajiya da hanya da mutanen da aka baro ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa zuciyata na tafarfasa. Da aka gama na tambaye ta ko ta san mai maganin.

Ta tauna goronta ta ce, "Na san shi. Duk wanda ya je sai an cire masa tsakuwa."

Na ce, "To yana warkarwa ke nan?"

Ta ce, "Na ce miki ana cirewa. Har wanda ya je da ciwon haƙori an cire masa."

Ta hana mu tafiya a ranar don yamma ta yi kuma hanyar daji ce. Ta ba mu wasa-wasa, wani abu kamar dambu amma na garin doya, baƙi-baƙi, da mai da yaji. Da a ce hankalina a kwance yake da na yaba.

Gari na wayewa muka hau babura biyu. Daga Kolokondé aka saki babbar hanya aka shiga gonakin doya. An yi ruwa, hanyar duk taɓo. A wani kwari babur ɗina ya zame, na sauka da gwiwa, salansa ta ƙone ni a ƙwauri. Tabon na nan, na nuna wa wasunku. Mai babur ya yi ta ba ni haƙuri da yarensa, ni kuma ina zazzaga masa da nawa, ba wanda ya ji wani.

Gidan mai maganin babba ne, da rumfuna, majinyata kwance a ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Na wuce Yaya Bawa ban gane shi ba, sai da Safiya ta ja mini mayafi. Mutumin da na sani ƙato, mai murya kamar ganga, shi ne kwance a tabarma ya lulluɓa da bargo cikin rana yana rawar sanyi. Leɓɓansa sun tsage sun yi fari. Na taɓa goshinsa na ji kamar murhu. A kwiɓinsa na dama an yi masa tsaga-tsaga, wasu sun fara ruwa.

Ya buɗe ido ya ce, "Asabe? Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Wannan ce tambayar da za ka yi mini?"

Alhaji Tanimu na zaune a kujera gefe, da babbar riga da carbi. Ranar ya zo dubiya. Ya yi mini maraba da fara'a kamar a gidan suna, ya ce in kwantar da hankali, aiki na kyau. Ya ciro wani ƙyalle ya kwance, ya nuna mini tsakuwoyi jajaye a ciki. Ya ce duk daga jikin Bawa suka fito. Kullum da safe mai magani zai shafa masa wani mai, ya tsaga, ya kafa ƙaho, in ya cire sai ka ji ƙwal a cikin ƙwarya. Na tambaya me ya sa bakinsa ya bushe haka. Ya ce ai an hana shi ruwa, sai kofi ɗaya na jiƙo da kanwa safe da yamma, don ruwa ne ke ciyar da dutse ya girma.

Na duƙa na tsinci tsakuwa ɗaya a gaban takalmina na ajiye a kan ƙyallen nasa. Marmara ce ja, irin wadda ta cika tsakar gidan. Na ce, "Alhaji, nuna mini wadda na sa."

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce, "Malama, nan ba aji ba ne."

Ya tashi ya nufi wurin mai maganin, ni kuma na zauna kusa da kan Yaya. Na ce masa yaudararsa ake yi. Abin da ya faɗa mini shi ya fi komai ƙona mini rai a tafiyar nan.

Ya ce, "Na sani."

"Ka san me?"

"Asabe, ni dillali ne. Rayuwata duk a kallon hannun mutane ta ƙare. Tun ranar farko na ga inda yake ɓoye su, tsakanin yatsu."

"To zaman me kake yi a nan?"

Haƙoransa na ta haɗuwa. Can ya ce, "Kin tuna Baba a asibiti? Roba na lilo a jikinsa, jakar fitsari a ƙasan gado, kowa ya shigo sai ya kalla. A haka ya cika. Ni ba na so a gan ni haka. Kuma Alhaji ne ya kawo ni da motarsa. In na tashi na ƙaryata shi a gaban mutane, da wane ido zan shiga kara?"

Na ce, "Baba ba roba ce ta kashe shi ba. Ni na yi jinyarsa, kai kana nan kana sayar da shanu. Sai da ya kwana biyu fitsari bai fita ba aka yarda aka kai shi, don ana jin kunya. Robar ce ta ba shi sauƙin da ya samu har ya yi mana magana. Yanzu kai ma kunyar za ka bi? Ka bar Rabi marainiya don kar Alhaji ya ji nauyi?"

Ban san muryata ta hau ba sai da na ga majinyata sun ɗago kai. Alhaji ya dawo tare da mai maganin, wani dogon mutum mai sanyin magana. Alhaji ne ya tsaya a kaina.

"Baiwar Allah, wannan magana ce ta maza. Abin da za a yi masa a can ba ki san zafinsa ba. Ni na riƙe Bawa tun ba shi da ko akuya."

Na ce, "Ka riƙe shi, Allah Ya saka. Riƙon bai ba ka ƙodarsa ba. Dube shi, Alhaji! In saniyarka ce ke wannan rawar sanyin da tuni ka aika a kira malamin dabbobi."

Aka yi ca. Wani daga cikin mutanen Alhaji ya ce matan Najeriya ba su da kunya. Na ce masa kunyar ce ta kwantar da wannan da yake gani. Muna cikin haka na ga Alhaji ya daina kallona, ya koma kallon bayana. Na juya.

Safiya ce. Ta durƙusa, ta tallafo kan mijinta ta ɗora a cinyarta, ta buɗe gorar ruwan da muka taho da ita ta kai masa baki. Mai maganin ya ɗaga hannu ya ce a'a, za a ɓata aiki. Ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Baban Rabi, sha."

Yaya ya dubi Alhaji, ya dubi gorar. Sai ya kama ta da hannu biyu ya yi ta sha har ruwan na bin gemunsa. Da ya sauke ya ce, "Ku kai ni Parakou."

Alhaji ya kaɗe rigarsa ya ce shi ba ruwansa, ya shiga motarsa ya ja, ya bar mu a tsaye. Motar ba kowa a bayanta. Wannan ba zan manta masa ba. Sai wata a-kori-kura da ta zo ɗaukar doya muka roƙa, aka shimfiɗa Yaya a kan buhuna, ni da Safiya muka riƙe shi ta gefe da gefe har Djougou. Duk ramin da aka faɗa sai ya yi ƙara. Daga can muka ɗauki shatar mota zuwa Parakou.

Likitar yarinya ce, ko kusa ba ta kai shekaruna ba, amma da ta ga tsagar da ke kwiɓinsa ta auna zafin jikinsa, ni ta juyo wa da faɗa. Ta yi ta zuba Faransanci tana nuna ni da biro, ta ɗauka ni na sace shi na kai daji. Na ce wa Safiya ta fassara mini kalma-kalma, kar ta rage. Da Safiya ta gaya mata ko ni wace ce sai ta sassauta, ta jawo takarda ta zana mana ƙoda biyu da mafitsara, da siririn bututu daga kowace ƙoda zuwa ƙasa.

Ta ce tsakuwar ƙoda ba daga ƙasa take zuwa ba, a ciki take haɗuwa, daga gishirin da ke cikin fitsari in ya yi kauri, musamman ga mai wuni a rana ba ya shan ruwa. In ƙarama ce, da ruwa mai yawa da ƙwayoyi da maganin zafi takan faɗo da kanta. In ta girma sai an farfasa ta, ko da na'ura daga waje, wadda su ba su da ita, ko a bi ta hanyar fitsari da ƙaramin madubi a same ta. Wadda ta yi girma ƙwarai ce ake tsagawa. Tsakuwar Yaya ta sauko ta toshe bututun dama, fitsari ya taru a sama, yanzu kuma ya zama mugunya, shi ne zazzaɓin. Ta ce yau ba maganar cire tsakuwa ake ba, maganar ransa ake. Dole a buɗe wa mugunyar hanya kafin ta shiga jini.

A asibitinsu komai sai an rubuta maka a takarda, odonas suke ce mata, ka je farmasi ka sayo, har safar hannun likita da auduga. Na yi ta zirga-zirga a kan zem da ƙonannen ƙwauri, wannan shagon ya ce babu, wancan ya ce sai an buɗe bayan hutu. A wani shagon na buga ƙofa har mai shi ya fito da cokali a hannu. Kafin magariba dai aka shiga da shi.

Sun sa shi barci, sun zura siririyar roba ta zauna a ciki tsakanin ƙoda da mafitsara, ta ratsa gefen tsakuwar. Ba a ganinta daga waje. Wadda ake gani, mai jakar da yake tsoro, 'yan kwanaki kaɗan ta yi aka cire, kuma duk kwanakin Safiya ta rufe ta da zane, ba wanda ya gani sai mu. Aka yi ta ɗura masa ruwa da allurai. Zazzaɓi ya sauka a hankali. Ranar da ya nemi koko da ƙosai na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Sai da ya yi makonni yana shan magani a gida kafin aka koma aka yi aikin tsakuwar, ta hanyar nan dai da Alhaji ya ce ba a bi. Na nemi ƙarin hutu na zauna. Aka farfasa ta aka kwaso, likita ta ba mu gutsattsarin a 'yar kwalba. Ba ja ba ce, ba ta da santsi. Ruwan ƙasa ce mai ƙaya-ƙaya kamar ƙarangiya, in an haɗa ta duka ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce ya riƙa shan ruwa har fitsarinsa ya yi fari, ya rage gishiri, ya rage nama. Yaya ya ce a gaya mata a cikin mahauta yake wuni. Ta ce ta sani, shi ya sa ta faɗa.

Sannan ta kira ni gefe da Safiya. Ta ce ƙodar dama ta ji jiki, ta daɗe a toshe cikin mugunya, ba za ta koma yadda take ba. Ta hagu ce za ta ɗauki yawancin aikin har ƙarshen rayuwarsa. Na tambaye ta, da ya zo ranar da ta ba shi fa? Ta ɗaga kafaɗa ta ce da ya kwana biyu ya koma kasuwa da ƙodarsa lafiya.

Alhaji Tanimu ya zo gida dubiya da jama'arsa, da ledar lemo. Ina daga tsakar gida na ji yana cewa alhamdu lillahi, ai jiƙon mai magani ne ya tausasa dutsen, shi ya sa likita ta samu sauƙin fasa shi. Na ji maza na cewa haka ne, haka ne. Na miƙe da muciya a hannu, Safiya ta riƙe mini zane. Yaya kuwa bai ƙaryata shi ba. Ranar ban kai masa abinci da hannuna ba.

Ana gobe zan taho, bayan la'asar, maza na zaune a benci a ƙofar gida, sai ga motar Alhaji ta tsaya a gidan da ke kallon namu. Aka fito da wani matashin mahauci, Isuhu, a duƙe, ya riƙe kwiɓi yana nishi. Ina leƙe ta zaure. Na ga Yaya ya dafa bango ya miƙe, ya tako a hankali har tsakiyar titi.

Ya ce, "Alhaji, kar ka kai yaron nan."

Alhaji ya ce, "Bawa, koma ka zauna, ba ka da lafiya."

Yaya ya juya ga mutanen benci, ya ɗaga muryar nan tasa ta kara. Ya ce tsakuwar da ake cirewa a can ta tsakar gida ce, da idonsa ya gani. Ya ce shi an bi masa ta gaba da roba, sau biyu ma, kuma mace ce ta yi, yana barci bai ji komai ba, kuma ga shi nan namiji kamar yadda uwarsa ta haife shi, wanda ke shakka ya je ya tambayi iyalinsa. Ya ce abin da ya rasa ƙoda ce, kuma a ƙarƙashin mangwaro ya rasa ta.

Wasu suka fashe da dariya, wani dattijo ya toshe baki da hannun riga. Safiya da ke bayana ta ruga ɗaki. Alhaji ya ce, "Ka zubar da girmanka a titi, Bawa." Ya sa aka tura Isuhu cikin mota, suka tafi.

Washegari da hantsi ina ɗaure kaya, wata yarinya mai goyo ta shigo ta tsaya a bakin madafa tana murza gefen mayafi. Matar Isuhu ce. Ta tambayi Safiya a ina kilinik ɗin yake, kuma yaya ake zuwa ƙauyen nan na bayan Kolokondé. Kafin Safiya ta amsa, Yaya ya yi gyaran murya daga ɗaki ya ce a miƙo masa hularsa. Na ce jikinsa bai yi ƙwarin wannan hanyar ba. Ya ce a gaban mota zai zauna, kuma shi ya san a ƙarƙashin wace bishiya za su sami Isuhu. Suka tafi su uku, shi da Safiya da yarinyar, tare da wanta. Ba su dawo ba sai bayan na kama hanya, don haka ni kaɗai na hau zem zuwa tasha, ba rakiya.

Da na iso gida layina ya dawo, Safiya ta kira. Sun ɗauko Isuhu. Tasa ƙarama ce, da ƙwayoyi da ruwa ta faɗo da kanta, har ya koma kan teburinsa. Alhaji kuwa ya janye shanunsa daga hannun Yaya ya ba wani. Yanzu Yaya na zuwa kara da jarkar ruwa, yana kama dillancin da ya samu, na tumaki ko na saniya ɗaya, mutumin da a da sai an bi layi a gan shi. Kuma motar Alhaji ba ta daina zuwa Kolokondé ba.

Shekaranjiya ta sake kira. Ta ce sun haɗu da Alhaji a wurin wani suna, ya tambayi lafiyar kowa, har ya ce in ta yi waya ta gaida masa Malama.

Na ce ta gaya masa ban amsa ba.